Hilux mai gas ba ta tashi da asuba tunda sanyi ya shigo, sai an tura

Mai Dankali Jos:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Don Allah masu ilimin injin gas ku taimaka min da shawara kafin ɗan jarin nawa ya ƙare a gareji. Ina da Hilux tsohuwar yayi mai injin 5L, wato 3.0 ɗin nan mara tobo, ita nake ɗauko dankali daga Bokkos da Mangu wani lokacin kabeji da karas in kawo Farin Gada, shekara huɗu kenan tana hannuna kuma tsakani da Allah ba ta taɓa kunyata ni ba sai bana. Tunda Disamba ta kama ta tsiro da wani hali, in na dawo daga masallaci da asuba na murɗa makulli wutar nan ta hita, wato fulogin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tada inji, takan kawo ta ɗauke kamar kullum, in na ba ta kik sai injin ya yi ta juyawa yana juyawa ba ya kamawa, salansa kuma tana ta fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas har da yaji a ido, in na yi sau huɗu ko biyar sai batir ya fara ja da baya, daga nan sai in tashi yaran maƙwabta su tura, har sun fara ɓuya in sun ji na buɗe get. In ta kama kuma sai ta yi ta karkarwa kamar mai masassara kusan minti ɗaya sannan ta daidaita. Abin da ya ɗaure min kai, da zarar ta yi zafi shikenan, wuni guda ko sau ashirin na kashe rabin kik take tashi, ƙarfinta a hawa ma bai ragu ba.

Na kai wa bakanike na farko ya ce injekta ce, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul, sai an kwance an kai wajen masu saiti, na biyu ya ce a'a ringi ne ya mutu sai an sauke inji. Wani yaron mota kuma ya koya min in cire tiyon iska in fesa maganin sauro, na gwada kwana uku kuma wallahi tana tashi, amma wata irin ƙara take yi kwas kwas da ba na son ji. Batir ya kusa shekara biyu. Baƙin mai kuma mai lamba 40 zalla nake zuba mata tun da na saya. Ina zan fara?

Ɗan Tasha:

Wslm. Batir ne oga, kar ka wahalar da kanka. Sanyi yana kashe batir, ka sa sabo ka huta. Tawa haka ta yi bara.

Tsohon Bakanike Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Da farko dai ka ajiye gwangwanin maganin sauron nan, zan dawo kansa. Na biyu kar ka bari kowa ya taɓa maka injekta yanzu, motar da take tashi rabin kik da rana kuma take hawa tudun Jos da lodin dankali ba injekta ke damunta ba, in ka bari aka kwance lafiyayyar injekta aka yi mata saitin ido to ka sayo ciwon da ba ka da shi.

Kai da kanka ka faɗi ciwon ba ka sani ba. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin gas yana isa cikin silinda amma bai samu zafin da zai kama ba, sai ya fito ta salansa yadda ya shiga. Da ba ka ganin hayaƙi ko kaɗan da sai mu ce mai ne ba ya zuwa. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur, iska yake matsewa, a 5L ɗinka kusan ninki 22, matsin nan shi ke sa iskar ta yi zafi sai nozul ya feso gas ya kama da kansa. To da asuba ƙarfen inji ya kwana cikin sanyi, zafin da fistin ya tara sai bangon silinda ya shanye. Kuma su 2L da 3L da 5L duk ba kai tsaye suke fesa gas kan fistin ba, akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a cikin tof silinda nan ake fesawa, ɗakin nan shi ya fi satar zafi, shi ya sa waɗannan injinan suka dogara da hita fiye da na zamani masu D-4D. Ga shi kuma kana Jos, sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskarku ba ta kai tamu ta Kano kauri ba, abin da fistin zai matse ya ragu tun daga farko. Motar da za ta yi haƙuri da mataccen hita ɗaya a Legas ba za ta yi maka haƙuri a Jos cikin Janairu ba.

Wutar da kake gani a dashbod kada ta ruɗe ka, lokaci kawai take ƙirgawa ta ɗauke, ko hita huɗun duk sun mutu za ta kawo ta ɗauke abinta. Ga yadda za ka gwada, ba sai ka biya kowa ba. Ka buɗe bonet za ka ga hita huɗu a jere kusa da nozul, wani siririn ƙarfe ya haɗa kawunansu. Ka samu ƙwan gwaji na masu wayarin, ka maƙala wayarsa a jikin inji ka ɗora bakin a kan siririn ƙarfen nan, wani ya murɗa makulli, in ƙwan ya kama to wuta tana zuwa, in bai kama ba ka bi fis da rile, rilen ma in lafiyarsa lau za ka ji ya yi ƙas. In wuta tana zuwa sai ka kwance siririn ƙarfen gaba ɗaya, wannan shi ne inda yara suke kuskure, in ba ka cire shi ba hita ɗaya mai rai zai rufa wa sauran asiri. Sai ka mayar da wayar ƙwan kan batir mai alamar +, ka taɓa kan kowane hita ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kunna ƙwan da ransa, wanda bai kunna ba ya yanke. In kana da mita, lafiyayye yakan nuna wajen om ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan.

In za ka cire su ka bari inji ya yi ɗumi, ka zuba musu mai su jiƙa, ka bi a hankali, hita in ya tsufa bakinsa yakan kumbura, in ka yi masa ƙarfi ya karye a ciki to sai an ɗaga tof silinda, aikin minti ashirin ya koma na kwana biyu. Kuma ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, akwai lambar bolt a jikinsa, ka sayi irinsa sak, ka canza huɗun gaba ɗaya.

Mai Wayarin Zariya:

Baba ya gama magana, ni dai bari in ƙara ta ɓangarenmu don maganar Ɗan Tasha ma ba a banza take ba, sai dai ba a sayen batir da ka. Hita huɗu in suna aiki wuta mai yawa suke ja, sannan kik ya zo ya ja tasa, duk a kan batir ɗin da sanyi ya riga ya rage masa ƙarfi. Kuma injin gas in bai juya da sauri ba matsin yana zurarewa kafin ya yi zafi, to ko hita sababbi ne in kik yana jan ƙafa za ka sha wahala. Ka sa mita da asuba kafin ka taɓa komai, cikakken batir zai nuna bolt 12.6, in ka ga 12.2 rabi ne, sannan wani ya ba ta kik kana kallo, in ya faɗi ƙasa da 9.6 batir ya gaji ko kuma kik ɗin ne ke jan wuta fiye da ƙima. In ta tashi ka sake dubawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in bai kai ba to altaneta ko fambel ne ba sa cika maka batir, ka sa sabo ma wata biyu zai bi sahun tsohon.

Abin da mutane ba sa dubawa shi ne wayar at, wato babbar wayar nan da ta tashi daga kan batir mai alamar − zuwa jikin inji da bodi. Sau nawa aka kawo min mota an canza batir an canza kik ashe wayar ce ta ci tsatsa daga ciki. Bayan ka yi kik sau biyu ka taɓa kawunan batir da wayoyin, duk inda ka ji zafi nan wuta take maƙalewa. Ka wanke farin garin nan da ruwan zafi ka kankare ka ɗaure tamau. Kuma oga ka daina riƙe makulli kamar kana jin haushinsa, daƙiƙa 10 zuwa 15 ka saki ka ba shi rabin minti ya huce, in ba haka ba kik ɗin ne zai ƙone ka ƙara wani kashe kuɗin.

Sai baƙin mai, duk da ba fannina ba ne amma yana shafar aikina. Mai lamba 40 zalla da asubar Jos kamar zuma yake, ka zuba kaɗan a kwalba ka bar shi a waje ya kwana ka gani da idonka. Ka koma 15W-40 na injin gas, wannan 15W ɗin shi ne yadda yake gudu in da sanyi, in inji ya yi zafi kuma ya koma 40 ɗin da ka saba.

Ɗan Agadas:

Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan da muke bin hanyar Dirku da Bilma mun san wanga ciwo sarai, rana ta gasa ka dare kuma sanyi ya hana ka barci, wani lokaci a Tenere ruwan da ka bari a buta da safe hannu ba ya iya taɓa shi. Land Cruiser mai 1HZ da Hilux su ne ƙafafunmu. Buji da batir da suka faɗa gaskiya ne, mu hita buji muke ce mishi, amma ka duba abu guda kuma, iska cikin hanyar gazuwal, wato gas. Tiyon roba in ya tsufa da sanyi yana ƙanƙancewa, ba za ka ga ɗigo ko guda a ƙasa ba amma yana shan iska cikin dare, man ya koma tanki, da safe famfo ya tarar da wayam. Bisa kan filta akwai ɗan famfon hannu, gobe kafin ka murɗa makulli ka danna shi, in ka ji shi da tauri tun dannawar farko to lafiya, in ya yi laushi sai ka danna sau goma ko fiye sannan ya yi tauri to iska na shiga, kuma in bayan ka danna ta tashi da sauƙi ka kama ɓarawonka. Wani lokacin ma shi kanshi famfon hannun ne robarsa ta tsage. Ƙarƙashin filtar kuma akwai abin kwancewa na zubar da ruwa, ka tara kwalba ka gani, gazuwal na durom da jarka ba ya rasa ruwa.

Mu in dare ya yi a daji mukan juya gaban mota ya ba iska baya, mu rufe bonet da bargo ko tabarma. Filtar iska kuma kullum sai an kakkaɓe lokacin hazo. Allah shi sa a dace.

Ɗan Tasha:

To ni dai ban ga laifin feshin nan ba, direbobin tifa nawa ke yi, wasu ma tsumma suke jiƙawa da fetur su kara a bakin iska. Kuma in ka zuba kananzir kaɗan a tanki gas ɗin yana sakin jiki ba ya daskarewa.

Bahaushe a Kanada:

Malam Ɗan Tasha maganar daskarewar gas ka bar mana ita mu da muke Winnipeg, nan ne ake kaiwa 30 ƙasa da sifili, gas ya yi kakin da zai toshe filta, shi ya sa gidajen mai suke canza shi zuwa na hunturu, motoci kuma da igiyar wuta a gaba ana jona su da lantarki su kwana ana ɗumama ruwan inji. Sanyin Jos na sani yana shiga ƙashi, na yi karatu can, amma ina ganin bai kai ya hana gas gudu ba, kuma mai tambaya ya ce yana ganin hayaƙi, ai kaga man yana zuwa. Ni dai ina bayan Baba.

Tsohon Bakanike Ƙofar Ruwa:

Ɗan Tasha, ai na ce zan dawo kan feshin. Abin da ke cikin gwangwanin nan iskar gas ce mai saurin kamawa, ba ta jiran fistin ya kai sama, tana fashewa tun yana hanya sai ta buge shi ta mayar, ƙarar kwas kwas da Mai Dankali yake ji kenan. Bugun nan ringi yake karyawa, ya fasa gefen fistin, wani lokacin ya lanƙwasa kwanrod. Kuma a inji mai hita abin ya fi muni, in ko ɗaya yana da rai ya yi ja, feshin zai iya kamawa tun a bakin shiga wuta ta dawo ta hanyar iska, kai kuma fuskarka tana wajen. Masu cewa mota ta saba da feshi ba ta tashi sai da shi, ba sabo ba ne, ringin ne feshin ya gama da shi matsi ya tafi. Wanda ka gani yana yi a tifa ka tambaye shi sau nawa aka sauke masa inji, in motar tasa ce ma, yawanci ta maigida ce shi ya sa ba ya jin zafi.

Kananzir kuma, ita injekta da gas ɗin da ke bi ta cikinta take samun santsi, ba ta da wani baƙin mai nata daban, kananzir bai kai gas maiƙo ba, kana zubawa tana cin kanta a hankali. A masu D-4D ma abin ya fi tsada. In dole sai ka yi wata dabara kafin ka gyara, ka murɗa makulli wuta ta ɗauke ka kashe ka sake sau biyu ko uku sannan ka ba ta kik, ko ka ajiye ta a gangare, turi bai taɓa fasa fistin ba.

Shi kuma mai cewa ringi, ba na ce ƙarya yake ba, tsohon inji ne komai na iya faruwa, amma ba a sauke inji da baki. Ya kawo gejin matsi ya ɗaura ta ramin hita. Littafin Toyota na waɗannan injinan 32 yake so a ma'aunin kg/cm², kada ya gaza 20, kuma tazarar silinda da silinda kada ta wuce 5. In ba shi da geji to da me ya gane ringi ne? Kafin nan ma kai da kanka in inji ya yi zafi yana sulo ka kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ka ɗaure ba, in yana ɗan rawa ne kawai ba komai, in hayaƙi yana tunkuɗo shi kamar tukunyar ɗanwake to a nan za mu fara maganar ringi. Sannan a duba gibin bawul, nasu da shim, wato siraran faifan ƙarfe, ake saitawa, bawul in ya matse ba ya rufewa ruf shi ma yana zubar da matsi.

Mai Dankali Jos:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma Baba. Ranar Asabar na samu wani yaro mai wayarin a Dilimi muka bi abin da kuka faɗa ɗaya bayan ɗaya ina tsaye a kansa da waya a hannu ina karanto masa, har yana min dariya wai na zama injiniya. Wuta tana zuwa, rile yana ƙas, amma da muka cire siririn ƙarfen sai ga shi hita na biyu da na uku sun mutu murus, na huɗu kuma da muka ɗora shi a batir sai tsakiyarsa ce take ja bakin bai yi ba, wato da hita ɗaya da rabi nake ta fama. Na ukun ya so ya ba mu wahala wajen fita, na tuna maganar Baba na hana shi sa ƙarfi, muka yi ta zuba mai ana murɗawa gaba da baya har ya fito, bakinsa ya kumbura kamar an tauna. Mun sa huɗu sababbi masu lamba irin ta tsohon.

Batir ya nuna 12.4 da safe, wajen kik ya sauka 10 da ɗan wani abu, yaron ya ce zai kai ni ƙarshen sanyin nan, don haka Ɗan Tasha ka yi haƙuri ban saya ba. Amma wayar at ɗin nan Malam na Zariya kamar kana wajen, da muka yanke robar sai ga cikinta kore shar rabin zaren ya rube, mun canza ta, yanzu kik ɗin wani irin sauri yake da na manta yana da shi. Famfon hannu na danna da asuba kamar yadda ɗan'uwa na Agadas ya ce, sau biyu ya yi tauri, amma ruwan da ya fito ƙarƙashin filta ya kai rabin ƙaramin kofin shayi, na canza filtar gaba ɗaya. Baƙin mai ban canza ba tukuna saura kaɗan lokacin sabis ya yi.

Yau kwana uku kenan kik ɗaya take tashi, jiya ma da hazo ya sauko sosai. Sai dai har yanzu tana ɗan fitar da farin hayaƙi na kamar daƙiƙa goma sannan ya ɗauke, kuma na lura allurar zafi ba ta cika tashi ba ko na kai Mararrabar Jama'a, yaron ya duba ya ce ai babu tamostat a ciki, wato abin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi, an cire tun kafin in saya. Baba wannan yana da alaƙa ko in ƙyale?

Tsohon Bakanike Ƙofar Ruwa:

Madalla ɗana. Hayaƙin daƙiƙa goma a tsohon 5L da asubar Jos ba abin tada hankali ba ne, in ya fara wuce minti ko ka ga ruwan lagireto yana raguwa sai ka yi magana. In ka samu sarari ka kai nozul huɗun kawai a gwada feshinsu a kan famfon gwaji, nozul na ce, ba injekta ba.

Tamostat ba shi ke hana ta tashi ba, amma ka mayar da shi. Mutanenmu suna cirewa wai ƙasarmu da zafi, alhali in babu shi inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, gas ba ya ƙonewa duka, ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, ga shan mai. Ka sa na asali, ka tabbata lagireto a wanke take da murfi mai kyau. In ka zo canza baƙin man ka canza har filtarsa, ka kuma gaya min ko tana rage mai tsakanin sabis da sabis da kuma lita nawa.